Gwangwanin Baba da kwamfutata

Baba na da wani tsohon gwangwanin madara da ba ya zuwa wurin horon alƙalan ƙwallo sai da shi. Marafan kwalba ashirin da biyu ne a ciki, rabi ja rabi kore, da ɗan farin dutse mai zaman ƙwallo, da tsinken ashana uku, wato alƙalin tsakiya da masu tuta biyu. Zai zana fili da alli a kan simintin barandar makaranta, ya tattare rigarsa ya tsuguna, yara su kewaye shi. Da waɗannan marafan ya koya mini satar gida ina saurayi, da su kuma ya koya wa kusan duk wanda na sani yana busa usur a wasannin yara da gasar Sallah tsakanin Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Ba shi ya haife ni ba, amma duk Baba muke ce masa, har waɗanda suka fara furfura a cikinmu.

Ni malamin makaranta ne, kwamfuta nake koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Kumasi. Na ɗaga tuta na wasu shekaru a ƙananan wasanni, gwiwa ta tsayar da ni, sai na koma taya dattawan da ke koya wa yaran unguwa alƙalanci. Ba mu da ofis, ba mu da albashi. Mutum bakwai ne, kowa da sana'arsa, ana haɗuwa ranar Asabar da safe.

Shekarar 2020 ta same mu cikin wani hali. Tun watan Yunin 2018, da binciken ɓoye na ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas a kan cin hanci a harkar ƙwallo ya fito, aka dakatar da alƙalai da dama, sunan sana'ar ya ɓaci a Ghana, har uwa takan ce wa ɗanta ya nemi wani abin yi. Ana buƙatar sabbin alƙalai masu tsabtar hannu, shi ya sa ma hukumar ƙwallon ƙasar ta fito da shirin kama yara tun suna ƙanana a wannan shekarar, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarar ne kuma annobar korona ta zo. A watan Maris aka tsayar da wasanni, ranar 30 ga watan aka kulle Accra da Kumasi na mako uku, ƙarshen Yuni kuma aka soke kakar baki ɗaya. Barandar Baba ta zama kufai. Ni ne mai kwamfuta a cikinmu, don haka na ce a bar mini.

Na yi aiki tuƙuru, wannan ba zan ɓoye ba. Na buɗe zaure a WhatsApp na zuba kowa a ciki, yara da malamai. Na yanko guntayen bidiyo daga wasannin Ingila da Sifaniya, na shirya tambayoyin da na'ura ke maki da kanta, na sa ranar haɗuwa ta Zoom. Yara suka yi caa, kafin gari ya waye sun amsa tambayoyi sun fara gardama. Malamai kuwa shiru. Ɗaya ya turo addu'ar Juma'a, shi ke nan. Ranar Zoom mutum biyu cikinsu suka shigo, ɗayan bai kai minti goma ba ya fita. Nan take na yanke hukunci a zuciyata cewa tsofaffi ne, tsoron na'ura suke yi, zamani ya wuce su.

Wannan hukuncin shi ne babban kuskurena, kuma ya ɗauke ni watanni kafin na gane. Abin da ya kamata ya farkar da ni yana gabana tun farko. Baba da wayarsa yake karɓar kuɗin cinikinsa ta MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, da ita yake jin tafsiri, da ita yake aika wa ɗansa da ke Turai saƙon murya kusan kullum. Mutumin da ke haka ba ya tsoron waya. Abin da na kawo ne bai gamsar da shi ba, kuma ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Da aka sassauta kulle na je gaishe shi a Aboabo da kwamfutata a jaka. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, aka kawo koko da ƙosai, sai ya ce, “Malam, nuna mini abin nan da kake tura wa yara.” Na buɗe wanda na fi alfahari da shi, wani ɗan baya ya zame ya kwashe ƙafar ɗan gaba, an ja hoton a hankali kamar tafiyar hawainiya. Na ce, “Baba, ku duba, jan kati ne ƙarara.” Ya ce in mayar da shi yadda aka buga shi a fili. Na mayar. Ya kalla sau ɗaya ya ce katin gargaɗi ne. Sannan ya ce, “Ɗana, na'urarka tana ɗora wa mutum niyyar da bai yi ba. Idan ka ja hoto, sai ka ga kamar ya zauna ya yi shawara kafin ya kai ƙafa. A fili ƙiftawar ido ce.”

Na koma gida ina ganin taurin kai ne irin na manya. Daren nan na buɗe littafin dokoki na hukumar IFAB, wadda ke tsara dokokin ƙwallo tun 1886, na je sashen da ya yi bayanin aikin na'urar VAR mai taimaka wa alƙali da bidiyo, wadda aka shigar cikin dokoki a 2018. Ga maganar Baba a rubuce. Jan hoto a hankali na tabbatar da abin da ya auku ne, kamar inda ƙafa ta taɓa ko inda laifi ya faru, amma ƙarfin karo da gudunsa na asali ake auna shi. Daga baya na ci karo da binciken da aka yi a jami'ar Leuven ta Beljiyam a 2018, inda aka nuna wa ƙwararrun alƙalai laifuka da gudunsu na asali da kuma a hankali, aka tarar hukunci ya fi tsanani idan an ja hoton. Ni kuwa na shafe makonni ina horar da yara da irin wannan hoton, ina ba su maki a kan jan katin da bai kamata ba. Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Tambayarsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma har yau ita ce tambayar da ya fi yi. Duk bidiyon da aka nuna masa sai ya ce, “Ina alƙalin yake tsaye?” Kyamarar talabijin tana can sama ne a kan 'yan kallo, tana ganin komai a shimfiɗe. Alƙali yana ƙasa, yana haki, akwai bayan ɗan wasa tsakaninsa da ƙwallo. A wurin Baba rabin alƙalanci sanin wurin tsayuwa ne: ka bi layinka na karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka sa wasa a tsakaninka da mai tutarka, ka hango inda ƙwallo za ta faɗa kafin ta faɗa. Wanda ya tsaya daidai, hukunci da kansa yake zuwa masa. Bidiyona yana koya wa yaro abin da zai ce bayan ya gani, amma bai koya masa yadda zai kai ga ganin ba. Marafan kwalba kuwa wannan ne aikinsu, domin Baba yakan ɗauki tsinken ashana ya matsar da shi taki biyu, ya ce yaro ya kwanta ya sa idonsa daidai da tsinken ya faɗi abin da yake gani.

Sannan akwai filin kansa. Yaranmu ba a kan ciyawar Ingila za su busa ba. A filin sakora za su fara, jar ƙasa ba ciyawa, layin gefe da toka aka zana shi ko ma babu, 'yan kallo na tsaye a kan layin, kawun ɗan wasa yana bayan mai tuta yana faɗa masa magana a kunne. Baba ba ya rufe zangon horo bai ambaci 9 ga Mayun 2001 ba, ranar da Hearts of Oak da Asante Kotoko suka buga a filin wasa na Accra, magoya baya suka fusata da ƙwallon ƙarshe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa ƙofofi na rufe, fiye da mutum 120 suka rasu, cikinsu har da 'yan unguwar Nima ta Accra da yawa. Yakan ce usur ƙaramin abu ne amma rai na rataye da shi. Yadda za ka yi wa kyaftin magana, yadda za ka kwantar da benci, lokacin da za ka tsayar da wasa ka nemi tsaro, babu ko ɗaya a cikin guntayen da na tara.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya faru ne a zauren WhatsApp ɗin. Na tura tambaya a kan bugun gola: an buga, ɗan bayan ƙungiyar ya karɓa tun ƙwallo ba ta fita daga yadi na sha takwas ba. Ɗaya daga cikin malamanmu, mutumin da ya yi shekaru yana busa tun kafin a haifi yaran, ya daure ya amsa a karon farko, ya ce a sake bugu. Haka dokar take shekara da shekaru, amma a 2019 aka canza ta, ƙwallo na shiga wasa da zarar an buga ta ta motsa. Wani yaro ɗan shekara sha shida ya ɗauko hoton shafin daga manhajar IFAB ya manna a ƙarƙashin amsarsa, wasu suka sa alamar dariya. Yaron bai yi ƙarya ba. Malamin bai ce uffan ba, washegari ya fice daga zauren, Asabar uku ba mu gan shi ba bayan an dawo haɗuwa.

Laifin nawa ne. Ni na haɗa malami da ɗalibi a ɗaki ɗaya na ba ɗalibin littafin da ya fi na malamin sabunta. Dokokin nan goma sha bakwai ne, amma kusan kowace shekara ana taɓa su. Dokar taɓa ƙwallo da hannu kaɗai an sake fasalinta a 2019, a 2020 aka ce iyakar hannu daga ƙasan hammata take, a 2021 aka sake sassauta wani ɓangarenta. Mai tsohon littafin takarda dole a bar shi a baya, ba don ya kasa ba. Alƙali da kwarjini yake aiki, haka ma mai koyar da shi, kuma idan kwarjinin ya zube a gaban yara da wuya a kwashe. Na je har shagonsa na ba shi haƙuri. Daga nan na buɗe wa malamai zaurensu daban. Duk wani sabon abu su ke fara gani da mako guda, mu yi gardamarmu mu gama, sannan ya isa ga yara daga bakinsu.

Na taɓa karanta bayanin wani masani Ba'amurke, Fred Davis, wanda a 1989 ya ce abu biyu ke sa mutum ya karɓi sabuwar na'ura: ya ga za ta amfane shi a aikinsa, kuma ya ga ba za ta wahalar da shi ba. Gaskiya ne, na gani da idona. Sai dai a wurinmu wahalar ba ta danna maɓalli ba ce, ta aljihu ce. Awa guda a Zoom data ce mai yawa ga mutumin da ba a biyansa ko sidi ɗaya a kan wannan aiki, ga wutar lantarki da kan ɗauke ana tsakiyar magana. Muka daina Zoom. Na riƙa yanka bidiyo kada ya wuce daƙiƙa ashirin, in matse shi ya yi sauƙi, in sauke da tsakar dare lokacin da data ke araha, ranar Asabar a tura daga waya zuwa waya ta manhajar Xender ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Harshe ma wahala ce da ban lissafa ba. Littafin da Turanci muke karanta shi, kuma akwai kalmomi uku a doka ta goma sha biyu da ke bambanta girman laifi, waɗanda yara ke haddacewa ba tare da sun ji bambancinsu a jikinsu ba. Baba ne ya warware mana. Ya ce na farko sakaci ne, bugun tazara ya wadatar. Na biyu ganganci ne, ka san za ka iya ji wa mutum ciwo amma ba ka damu ba, wannan katin gargaɗi. Na uku ƙarfi ne da ya wuce kima har ya jefa lafiyar ɗan'uwanka cikin haɗari, wannan sai waje. Sakaci da ganganci, duk yaron Zango ya san tazarar da ke tsakaninsu tun daga faɗan mahaifiyarsa. Na roƙe shi ya faɗi haka a saƙon murya, wani malamin ya yi irinsa da Twi saboda yaran da ba sa jin Hausa sosai. Wannan saƙon na minti biyu ya yi aikin da shafuka ashirin da na rubuta ba su yi ba, kuma shi ne karo na farko da muryar Baba ta shiga cikin kayan koyarwar.

Wadda ta fara karɓar abin hannu bibbiyu ita ce mace ɗaya tilo da ke cikinmu, malamar motsa jiki. Dalilinta daban ne. Tana da 'yan mata masu son alƙalanci da iyayensu ba za su bar su zuwa fili da yamma ba, amma ba za su hana su kallon darasi a waya a tsakar gida ba. Da Salima Mukansanga 'yar Ruwanda ta busa wasa a gasar cin kofin Afirka a Kamaru a Janairun 2022, mace ta farko da ta yi haka, malamar ta bi gida gida tana nuna wa iyaye a wayarta. Akwai kuma wanda har yau bai karɓa ba, mai kula da gudu. Yakan ce gwajin FIFA gudun mita 40 ne sau shida, sannan mita 75 sau arba'in da tafiyar mita 25 a tsakani, a nuna masa wayar da za ta yi wa yaro wannan. Ban ƙara matsa masa ba, don a fanninsa yana da gaskiya.

Ranar da Baba ya sauko kuwa, ba bidiyon Turai ne ya sauko da shi ba. Da aka dawo wasanni, na fara ɗaukar wasan yaranmu da waya, ina tsaye a ƙasa kusa da layi, ba daga sama ba. Akwai wani mai tuta da Baba ya yi wata da watanni yana ce masa yana makara, ba ya tafiya daidai da ɗan baya na biyu daga ƙarshe, yaron yana rantsuwa yana kan layi. Na nuna musu su biyu hoton. Ga yaron nan taki biyu a baya, sau uku cikin minti goma. Yaron ya sunkuyar da kai. Baba ya ce in sake, ya matso da kujerarsa, ya ce, “To, gani ya kori ji.” Ya ga abin da zai taimake shi a kan aikin da shi ya ɗauka da muhimmanci, wato wurin tsayuwa. Tun daga ranar shi ke faɗa mini inda zan tsaya da waya da abin da zan yanko.

A nan ma na yi tuntuɓe. Na tura wani guntu a zauren yara inda ɗaya daga cikinsu ya ba da fenareti a kan laifin da aka yi a wajen yadi. Kafin kwana biyu ya fita zuwa Facebook, 'yan unguwa suka sa yaron a gaba da tsokana har a bakin masallaci, ya kusa ajiye usur. Yanzu hoton yaranmu ba ya barin kwamfutata. A baranda ake kallonsa, a rufe, kuma sai da izinin iyaye muke ɗaukar waɗanda ba su kai sha takwas ba.

Tsarin da muke bi yau Baba ne ya gina shi, ni dai mai danna maɓalli ne. Yara na tsaye, kowa da usur a baki. Ana nuna guntu sau ɗaya tak da gudunsa na asali. Wanda ya ga laifi ya busa nan take, ya nuna da hannu, ya ciro kati idan da kati. Wanda ya tsaya tunani ya makara, domin a fili babu mai maimaita maka. Sai a zubo marafan kwalba a jera su yadda 'yan wasan suke, a tambayi inda alƙali yake da inda ya kamata ya kasance. Daga ƙarshe ne kawai ake jan hoton a hankali, don a ga inda ƙafa ta taɓa. Akwai guntu biyu da yake so ƙwarai. Ɗaya na 2 ga Yulin 2010 ne a Johannesburg, a gasar cin kofin duniya, inda Luis Suarez na Uruguay ya tare ƙwallo da hannu a kan layin raga, aka ba shi jan kati aka ba Ghana fenareti, Asamoah Gyan ya daki ƙarfen sama. Yara kan ce ai kamata ya yi a ba da ci kawai. Baba sai ya bar su su huce, sannan ya ce su nuna masa dokar da ta ba alƙali ikon ba da ƙwallon da ba ta shiga ba. Babu ita. Ɗayan kuma fenaretin da aka ba Cristiano Ronaldo a kan Mohammed Salisu, ɗan Kumasi, a Katar a 2022. Ni har gobe ina ganin Salisu ƙwallo ya taɓa. Baba ba ya faɗin ra'ayinsa a kai, yakan ce wa yaro, “Manta da rigar da ka fi so, faɗa mini abin da ka gani daga inda alƙalin yake.”

A 2025 aka canza dokar riƙe ƙwallo ga mai tsaron raga. Da daƙiƙa shida ce, hukuncinta bugun tazara da ba a ci kai tsaye, wanda kusan ba mai busawa. Yanzu takwas ce, idan ya wuce a ba abokan hamayya bugun kwana, kuma alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsu kowa na gani. Ban kai ga shirya komai a kai ba sai ga saƙon muryar Baba bayan sallar Asuba. Ya ce, “Malam, ka nemo mana guda uku a kan dokar golan nan. Kada ka ja su, kuma ka samo wanda ake ganin hannun alƙalin.” Na samo biyu, na ukun sai da muka ɗauka da kanmu a filin sakora. Ranar Asabar na ɗora kwamfuta a kan benci, ya ajiye gwangwaninsa kusa da ita, ya ce yara su miƙe kowa ya ɗaga hannun dama, za a fara da ƙirga.